Filin Tambaya Da Amsa: Hannun Jarin Da Ake Saya A Ajiye

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda muka taɓo zancen hannun jari a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, har wani bawan Allah ya tare ni a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a wai in raɗa masa sunan kamfani ɗaya tak ya saya ya huta. Na tsamo guda biyar daga ciki, na cire sunaye kamar yadda muka saba tunda zancen kuɗi ne.

TAMBAYA daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari

Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari ina sai da shadda da yadi, akwai wata naira miliyan 3 da na ware bana so ta shiga shago saboda wlh duk kuɗin da ya shiga shago narkewa yake, ga masu ɗaukar kaya bashi ga hidimar gida, to so nake in sa su a hannun jari in manta da su kamar shekara 10 saboda karatun yara. Wani yaro ya saka ni a wani guruf na WhatsApp kullum sai an turo sunan kamfani ace a saya zai tashi, akwai wanda suke ta zuga mutane a kai naira 2 ne kacal, shi kuma yaron yace kar in sai su Dangote Cement da MTN wai sun yi tsada sun gama tashi, gara mai arha in samu da yawa. Ni dai kaina ya ɗaure, ya ake gane mai kyau?

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka ya raya zuri'a. Bari nima in tambaye ka. Da wani zai zo shagonka gobe yace yana da shago a layin baya, ka kawo miliyan 3 ku haɗa jari, me za ka fara tambayarsa? Za ka tambayi me yake sayarwa, su wa ke saye a gurinsa, nawa ake binsa nawa yake bi, shekararsa nawa a harkar, kuma kafin ma a kai nan sai ka sa an binciko maka halinsa a gurin 'yan layinsu. To wallahi hannun jari shi ne wannan ɗin, haɗa jari ne da masu kamfani, bambancin kawai shagon babba ne kuma ba za ka zauna a kan benci kana kallon ciniki ba. Ilimin da kake tambayata kana da fiye da rabinsa tun daga Kwari, turancin da ke cikin takardun ne kawai yake firgita mutane.

Mu fara da zancen naira 2 ɗin nan. Yaron ya ɗauka ƙanƙantar lamba ita ce arha, alhali ba haka ake aunawa ba. Ga misali, kamfani na farko hannun jarinsa naira 400 ne amma a shekara kowane hannun jari ɗaya yana samar da ribar naira 50, kaga in abubuwa suka tafi a haka shekara 8 ribar ta kai kuɗin da ka zuba. Na biyu naira 2 ne amma ribar da ke kan kowane ɗaya kwabo 5 ce, wannan sai ka yi shekara 40 kana jira. To wanne ne mai tsada a ciki? Kai da kanka ka san yadi ɗaya na shadda mai kyau ya fi bandir na wadda za ta koɗe a wanki biyu, araha ba ta ado. A cikin rahoton kamfani za ka ga inda aka rubuta EPS, ita ce ribar da ta faɗo kan kowane hannun jari ɗaya, sai ka raba farashin kasuwa da ita, abin da ya fito shi za ka gwada da na sauran kamfanonin da ke harka iri ɗaya, siminti da siminti, banki da banki. Kuma a kula, mai kyau ma in aka saye shi da mugun tsada ana iya shekaru ba a ga komai ba, don haka ban ce duk babban suna a rufe ido a saya ba.

Rahoton nan kuwa ba ɓoyayye bane, duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, dole ne ya fitar da lissafinsa duk wata uku, sannan da babban na ƙarshen shekara wanda masu binciken kuɗi suka sa wa hannu, kuma kyauta ake saukewa a shafin kasuwar. Wanda yake jan ƙafa wajen fitarwa har kasuwa ta dakatar da cinikin hannun jarinsa, to ka ɗauke shi kamar abokin haɗin jarin da kullum ka ce a kawo littafi sai yace yaron da ke riƙe da makulli ya tafi ƙauye. Kar ka duba shekara ɗaya, ɗauko na shekara 5 ka jera, ciniki yana ƙaruwa? Riba tana bin cinikin ko kuwa ciniki na hawa riba na sauka? Sannan ka tuna da tsadar kaya, a watan Disamba 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 34.8, to kamfanin da cinikinsa ya ƙaru da kashi 15 a irin wannan shekarar a gaskiya baya ya ci, lamba ce kawai ta kumbura. Ita kanta kasuwar gaba ɗaya a 2024 kusan kashi 38 ta tashi, ana ta murna, amma in ka cire tsadar kaya abin da ya rage ba shi da yawa.

Wani abu da 'yan Kwari suka fi kowa ganewa shi ne bambancin riba a littafi da kuɗi a aljihu. Ka sai da kaya na miliyan 10 amma miliyan 7 suna hannun mutane, wani yace sai bayan sallah wani ya daina ɗaga waya, a rubuce ka ci riba amma ko kuɗin sari ba ka da shi. Kamfanoni ma haka suke, shi yasa akwai wani shafi a rahoton da ke nuna tsabar kuɗin da suka shigo daga ainihin sana'ar, in shekara da shekaru ana shelar riba amma tsabar ba ta shigowa, ruwa ba ya tsami banza.

Sai bashi, kuma a nan zan ɗan daɗe don shi ne ya kayar da manya a idonmu kwanan nan. Ba yawan bashin kaɗai ake dubawa ba, da wane kuɗi aka ci shi? A watan Yuni 2023 da gwamnati ta saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 750 a 'yan kwanaki, farkon 2024 kuma ta wuce 1,400, 'yan canji a Wapa sun fi ni sanin labarin. Duk kamfanin da yake ciniki da naira amma ake binsa dala sai ya wayi gari bashinsa ya ninka ba tare da ya karɓi ko sisi ba. MTN Nigeria da kowa ke sa kati kullum, asarar naira biliyan 137 ya rubuta a 2023, Nestle masu Maggi da Milo kusan biliyan 80, kuma ba wai mutane sun daina kira ko sun daina miya bane, dala ce ta cinye ribar. A daidai wannan lokacin su Okomu da Presco masu gonakin manja a jihar Edo kakarsu ce ta yanke saƙa, saboda man da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada nasu ya samu daraja. Kaga abu ɗaya ya faru, wani ya yi kuka wani ya yi dariya, kuma duk yana rubuce a rahotonsu tun kafin abin ya faru ga wanda ya duba.

Sannan ka tambayi kanka, me zai hana wani ya buɗe irin wannan shagon a gefensa? Kamfanin fiya wata duk mai rijiyar burtsatse da inji zai iya buɗewa, shi yasa ribarsa ba ta da kauri. Siminti kuwa sai kana da dutsen da ake yinsa da shi da wuta da ɗaruruwan tireloli da jarin biliyoyi, shi yasa kamfani uku ne suka riƙe ƙasar nan, Dangote mai Obajana, BUA mai Sakkwato da Okpella, sai Lafarge mai Ashaka. Haka layin waya, ba a kafa shi da kuɗin adashe. Amma girma kaɗai ba kariya bane, ka tuna masaƙun da suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa, dubban ma'aikata, yau ina suke? Rashin wuta da kayan Chana suka kwantar da su, kuma a Kwari aka fara ganin alamar tun kafin 'yan jarida su rubuta. Irin wannan idon nake so ka kalli kowane kamfani da shi, nan da shekara 10 mutane za su ci gaba da buƙatar kayansa, kuma shi ɗin za su ci gaba da saye a gurinsa?

Halin masu shi ma abin dubawa ne. Manyan kamfanoninmu da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da mafi yawan kaso, Aliko Dangote a nasa, Abdussamad Isyaka Rabi'u a BUA, duk 'yan garin nan ne. Amfanin haka mai shi ba zai yi wasa da dukiyarsa ba, illarsa kuma kai mai ƙaramin kaso ba ka da murya, abin da ya ga dama shi za a yi. A ƙarshen 2024 masu babban kaso a Flour Mills suka saye na ƙananan masu jari a kan naira 86 kowane ɗaya aka cire kamfanin daga kasuwa, wanda ya yi niyyar bar wa jikoki sai dai ya karɓi kuɗinsa. Hanya mafi sauƙi ta gane ko ana mutunta ƙananan masu jari ita ce rabon riba, wato dibiden. Dangote Cement ya raba naira 16 kan kowane hannun jari na shekarar 2020, naira 20 na 2021 da 2022, naira 30 na 2023 da 2024. Ba talla nake masa ba, irin jerin da nake so ka nema ne a duk wanda za ka saya, kuma ka sani gwamnati na cire kashi 10 na haraji kafin alat ya shigo maka.

Guruf ɗin WhatsApp kuma ka fita kawai Alhaji. Ƙaramin kamfanin da ba a cinikinsa sosai mutum biyar za su iya tara shi a hankali, sai su fara zuga jama'a, kasuwa kuma ta ƙayyade tashi ko faɗuwar rana ɗaya a kashi 10, to kwana huɗu ana ganin kashi 10 kashi 10 sai kowa ya ruɗe, ranar da kuka shigo su kuma ranar suke sauke muku kayansu, in ka zo sayarwa babu mai saye. Ka nemi dillalin hannun jari mai rijista da SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari, sunayensu na shafin hukumar, zai buɗe maka asusu a CSCS, wato ma'ajiyar hannun jari ta kasuwar, da sunanka da BVN ɗinka a ba ka lambarka ta mai asusu da ake kira CHN, duk abin da ka saya a can yake zama ba a aljihun dillali ba. Kar ka zuba miliyan 3 rana ɗaya, raba ta kashi-kashi cikin wata shida ko shekara, a kamfani 4 ko 5 masu sana'a daban-daban, ko a Dawanau ai ba za ka ga mai hankali ya cika sito da riɗi zalla ba.

TAMBAYA daga wata malamar makaranta a Gwammaja

Malam barka da aiki. Ni albashi nake ɗauka kuma ina iya ware dubu 20 duk wata, ina sha'awar abin amma maigidana yace shi yana shakka wai caca ce kuma akwai kuɗin ruwa a ciki. Shin akwai na halak? Kuma ana fitar masa da zakka?

AMSA

Malama sannu da ƙoƙari, kuma shakkar maigida tana kan hanya, ba a raina ta. Caca ita ce ka sa kuɗi a kan abin da babu dukiya a bayansa, in ka ci wani ya faɗi. Hannun jari kuwa kaso ne a masana'anta ko gona ko kamfanin waya da ke aiki, ku ci riba tare ku yi asara tare, irin tarayyar da littattafan fiƙihu suka sani. Amma fa ana iya mai da shi caca, wanda yake saye da safe ya sayar da yamma a kan jita-jita bai san ma me kamfanin ke yi ba, shi kam ban ga marabarsa da ɗan bet ba.

Masu tantancewa mataki biyu suke bi. Na farko sana'ar kanta, kamfanin giya da taba da caca da bankunan kuɗin ruwa da inshorar da ba ta Musulunci (takaful) ba duk sun fita tun daga ƙofa, ko da kuwa su ne suka fi raba riba, kuma gaskiya bankuna suna cikin masu rabawa sosai a kasuwarmu, sai a haƙura. Na biyu lissafin kamfanin, don za ki samu sana'arsa halak ce kamar siminti ko sukari amma ya ci bashin banki mai ruwa ko ya ajiye kuɗi ana ba shi ruwa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta sa iyaka, bashi mai ruwa kar ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shigar da ba na halak ba kuma kar ya wuce kashi 5, sannan wannan ɗan kason a cire shi daga ribar da aka samu a bayar ga mabuƙata ba da niyyar neman lada ba, tsarkakewa kenan. Akwai malaman da ba su yarda da wannan sassaucin ba sam, sun ce ko kaɗan ne a bari, don haka ku zauna da malamin da kuka natsu da shi ke da maigidan ku ji fatawarsa.

Sauƙin da aka samu shi ne tun 2012 kasuwar tana da jerin da ake kira NGX Lotus Islamic Index, wanda aka yi da haɗin gwiwar Lotus Capital, kamfanonin da suka tsallake tantancewar ake sawa a ciki kuma ana sake dubawa lokaci-lokaci, wani ya shiga wani ya fita, saboda haka na yanzu za ki nema ba na bara ba. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 shi ma yana kasuwar tun 2017. Sai dai ki riƙe wannan, halak daban inganci daban, kamfani zai iya zama halak tsantsa kuma ya zama ba ya cin riba, duk abin da na faɗa wa Alhajin Kwari a sama sai kin bi shi. Da dubu 20 a wata ni da zan ba ki shawara ki fara da Lotus Halal Equity ETF, shi kamar kwando ne da aka zuba waɗancan kamfanonin a ciki, ki sayi ɗan yanki kin samu kowanne kaɗan-kaɗan. In kuma hawa da saukar farashi zai hana ki barci akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, na farko an fitar da shi a 2017 na naira biliyan 100 aka yi tituna da shi, kina ganin allunansa a hanyar Kano zuwa Maiduguri.

Zakka kam akwai. Wanda ya saya don ya juya ya sayar, kayan kasuwa ne, in shekara ta zagayo kuma ya kai nisabi zai duba darajarsa a ranar ya fitar da kashi 2.5. Wanda ya saya don ajiya da cin ribar shekara a nan malamai suka rabu, wasu suka ce a kan ribar, wasu suka ce a kan kasonsa na tsabar kuɗi da hajar kamfanin, shi ma ki haɗa a cikin tambayar da za ku kai.

TAMBAYA daga wani matashi mai sai da waya a Farm Centre

Oga na sai hannun jari ta manhaja a wayata sati uku da suka wuce, dubu 150 na sa yanzu ya koma dubu 132, kullum na buɗe sai inga ja. In sayar ne kafin ya ƙare?

AMSA

Ƙanina sati uku fa kace. Ko tumatir ka shuka a Kadawa ai bai isa ɗiba ba. Ba ka gaya min me ka saya ba kuma ba ka gaya min dalilin da yasa ka saya ba, kuma ina zargin na biyun kai ma ba ka da amsarsa, to nan matsalar take ba a jan da kake gani ba. In ka bincika ka saya, tambayar ita ce me ya canza a kamfanin cikin sati ukun nan, an daina sayen kayansa ne, ya ci sabon bashi ne, an kama shugabanninsa da cuta ne? In babu ko ɗaya, kayan da ka yaba ne aka rage wa kuɗi. MTN da ya yi waccan asarar a 2023 ya ƙara yin wadda ta fi ta a 2024, ya daina raba riba, mutane suka yi ta zubarwa, ya rufe 2024 a wajen naira 200, da aka amince musu ƙarin kuɗin kira da data a farkon 2025 riba ta dawo farashin ya haura 400 a cikin shekarar. Amma kar ka ɗauka duk wanda ya faɗi tashi yake, akwai waɗanda suka faɗi tun 2008 har yau suna kwance. In kuwa a TikTok ka ji sunan ka saya, ko kuma kuɗin sarin waya ne ka ɗauka wanda za ka buƙata wata mai zuwa, to ka fita ka ɗauki dubu 18 a kuɗin makaranta. Kuma ka daina buɗe manhajar nan sau goma a rana, duk saye da sayarwa akwai kamasho da ake yanka, mai yawan shiga da fita dillali yake yi wa aiki.

TAMBAYA daga wata Hajiya a Hotoro

Wani ɗan ƙawata yace in ba shi miliyan 1 yana juyawa a hannun jari duk wata zai ban dubu 200, uwar kuɗina kuma tana nan. Har ya nuna min alat na wasu.

AMSA

Hajiya kar ki bayar. Dubu 200 a wata kan miliyan 1 kashi 240 kenan a shekara, babu kamfani ɗaya a kasuwar nan da ke raba ko kusa da haka, kuma duk mai cewa uwar kuɗi ba za ta taɓu ba to ba hannun jari yake ba. Alat ɗin da kika gani kuɗin wanda ya shigo jiya ne ake ba na shekaranjiya, haka MMM ya yi har ya rufe a Disamba 2016, haka CBEX a Afrilun 2025. Wataƙila ma shi yaron bai san rami yake ciki ba. Ki ce ya kai ki ofishin dillalin a buɗe miki asusun CSCS da sunanki, za ki ga yadda zance zai canza.

TAMBAYA daga wani dattijo ɗan fansho a Ƙofar Nassarawa

Ɗana ni wannan abu na taɓa shi na ƙone. A 2007 na ɗauki giratutina na sai na bankuna uku da kamfanin inshora ɗaya, lokacin har a rediyo ake talla, shekara ba ta zagayo ba komai ya rushe. Satifiket ɗin suna nan a akwati ko kallonsu bana son yi. Yanzu naga yara sun sake ɗaukowa, ina jin tsoron abin da ya same mu ya same su. Kuma takardun nan suna da sauran amfani ko in ƙona?

AMSA

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Allah ya mayar da alheri. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma dole ya yi tsalle, kuma ba kai kaɗai bane, a garin nan gidaje da yawa akwai irin wannan akwatin. Amma dan Allah kar a ƙona.

Abin da ya faru lokacin, bayan Soludo, gwamnan babban banki na lokacin, ya ce kowane banki ya kai jarin naira biliyan 25 zuwa ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25, sai aka shiga gasar tara kuɗi daga jama'a, kowane banki na fitowa da tayin hannun jari, har ta kai banki zai ba mutum bashi ya sai hannun jarin banki, farashi na tashi ba don riba ta ƙaru ba sai don kuɗin bashi na bin takarda. Ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna tashi da faɗuwar farashin hannun jari gaba ɗaya, ya haura 66,000 a watan Maris 2008, da rikicin kuɗi na duniya ya taso daga Amurka Turawa suka janye kuɗinsu, masu bashi aka tilasta musu sayarwa, zuwa farkon 2009 ya dawo wajen 20,000. A watan Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan babban banki ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya. Kuma ka san sai yaushe ma'aunin ya sake taka inda yake a 2008? Sai Agustan 2023, shekara 15 cur, nairar kuma ba ta jiya ba ce. Shi yasa in na ji yaro yana cewa ai in dai ka riƙe dole ka ci riba nake cewa ya je ya gaishe da irinku ya sha labari, riƙon yana amfani ne in abin da aka riƙe mai kyau ne kuma ba a saye shi lokacin da kowa ya haukace ba. Waɗanda suka dace da irin su Zenith da GTB sun ga faɗuwar farashi su ma, amma duk shekara ana raba musu riba har abin ya farfaɗo, na kusa da su a layin cike fom kuwa wasu ko kwabo.

Ba ka faɗi sunayen naka ba, to ga yadda abin yake. Afribank da Bank PHB da Spring Bank gwamnati ta karɓe su a 2011, masu hannun jarinsu kam sai haƙuri. Amma wasu haɗewa aka yi, Intercontinental ya shiga Access, Oceanic ya shiga Ecobank, FinBank ya shiga FCMB, Diamond ma ya shiga Access a 2019, a irin wannan akan musanya wa mutum da na sabon kamfanin ko a biya shi wani abu, ko da bai kai abin da ya zuba ba. In kuma a cikin ukun akwai wanda yake raye da sunansa, to akwai yiwuwar ribar shekara da shekaru da ƙarin hannun jari na bonas suna can suna jiranka, don da ta gidan waya ake aiko takardar ribar kuma yawanci ba ta isowa. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190, kuma na tabbata kason Kano a ciki ba kaɗan bane.

Ka sa ɗaya daga cikin yaran ya raka ka gurin dillali mai rijista da satifiket ɗin da katin shaida da BVN, za a tura wa rijistaran kowane kamfani, wato mai riƙe da rijistar masu hannun jarinsa, a tantance sa hannunka a mai da takardar cikin asusun CSCS, sannan ka cike fom na e-dividend a bankinka don ribar ta riƙa faɗowa kai tsaye. Inda ake shan wahala shi ne suna, lokacin tayin nan mutane da yawa sun cike fom da suna iri-iri, yau Muhammadu gobe Mamman jibi a juya sunan uba ya koma gaba, in naka haka ne sai an haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. Kuma gara a yi shi yanzu kana da ƙarfinka Baba, don in abu ya koma hannun magada sai an nemo takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, zirga-zirgar ta fi wannan nesa ba kusa ba. In ka samu dama ka sa a turo min sunayen kamfanonin huɗu kawai, banda lambobin da ke jikin takardar, zan gaya maka rijistaran da ke riƙe da kowanne.